Layin Dogon Gadarif: Tarihinsa da Batun Dawo da Jirgin Fasinja

Layin dogon gabashin Sudan ya taso ne daga mahaɗar Hayya, a kan hanyar da ta haɗa Atbara da Bur Sudan. Daga nan ya gangaro kudu zuwa Kasala, ya tsallake kogin Atbara, ya shiga Gadarif, sannan ya karkata kudu maso yamma har Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 800: kilomita 347 daga Hayya zuwa Kasala, 218 daga Kasala zuwa Gadarif, sai 237 daga Gadarif zuwa Sinnar. An shimfiɗa shi tsakanin 1923 da 1929, ya yi fiye da shekara 50 yana dakon dawa da riɗi da ƙaro da mutane, daga baya ya durƙushe. Tarihinsa ya ƙunshi yadda hanyar dogo ke raya gari, da abin da ke kashe ta, da kuma sharuɗɗan da sai an cika su kafin jirgin fasinja mai sauri ya yi gudu a kan tsohon layi.

Gadarif kafin zuwan jirgi

Gadarif tana kudancin filin Butana, tsakanin kogin Atbara da kogin Rahad, kimanin kilomita 410 daga Hartum ta hanyar mota. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai riƙe ruwa, ruwan sama kuma yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka nausa kudu zuwa iyakar Habasha. Wannan ne ya sa tun da daɗewa ake noman dawa da riɗi a nan ba tare da ban-ruwa ba. A ƙarni na 19 an fi sanin garin da Suk Abu Sin, saboda kasuwar da ta bunƙasa a ƙarƙashin gidan Abu Sin, shugabannin Larabawan Shukriyya. Ayarin fatake kan taso daga Gallabat da kofi da kakin zuma da sauran kayan Habasha, ya yada zango a Gadarif, daga nan wasu su nufi Kasala da Sawakin, wasu su yi yamma zuwa Abu Haraz a bakin Shuɗin Nilu.

Duk wannan fatauci a bayan raƙumi yake, shi kuwa raƙumi yana da iyaka. Kaya mai tsada kamar ƙaro ko kofi yana biyan kuɗin dakonsa, amma buhun dawa kafin ya isa kasuwa mai nisa kuɗin dako ya cinye ribarsa. Ga kuma damina. Daga Yuli zuwa Oktoba lakar kan jiƙe ta zama taɓo, raƙumi ba ya iya taka ta, hanyoyi su rufe. Saboda haka sai a wayi gari hatsi ya yi araha a Gadarif alhali ana kukan yunwa a arewacin ƙasar. A farin 1913 zuwa 1914, lokacin da yunwar Kakalaba ta auka wa ƙasar Hausa, gwamnatin Sudan sai da ta shigo da hatsi daga Indiya. Matsalar Gadarif a wancan zamani ta hanya ce, ƙasar noma kam akwai ta a wadace.

Yadda dogo ya shiga Sudan

An fara aikin dogo a Sudan a 1875, zamanin Isma'il Basha mai mulkin Masar, daga Wadi Halfa zuwa kudu, amma aikin ya tsaya bayan kimanin kilomita 50 saboda rashin kuɗi. Yaƙi ne ya sake tayar da shi. Lokacin da Kitchener ya jagoranci sojojin Ingila da Masar don rushe daular Mahadiyya, ya sa aka shimfiɗa layi daga Wadi Halfa ta cikin hamada zuwa Abu Hamad a 1897, ya kai Atbara a 1898, ya isa Hartum ta Arewa a ƙarshen 1899. Injiniyan da ya jagoranci aikin hamadar shi ne Percy Girouard, ɗan ƙasar Kanada. Shi ne kuma aka tura Arewacin Najeriya a 1907 ya gaji Lugard, inda ya tsara layin Baro zuwa Kano wanda ya iso Kano a 1911. Faɗin layukan biyu ɗaya ne, wato tazarar ƙafa 3 da inci 6 tsakanin ƙarafan, daidai da milimita 1,067. Wannan shi ne siririn layi, wanda Turawan Ingila suka fi so a yawancin ƙasashen da suka mallaka a Afirka domin arharsa.

Da yaƙi ya ƙare, sai hankali ya koma kan ciniki. An haɗa Atbara da Bahar Maliya a 1906, aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan a 1909, ta maye gurbin Sawakin wajen manyan jirage. Layin kudu ya bi ta Wad Madani da Sinnar, ya tsallake Farin Nilu a Kosti, ya kai Al-Ubayyid, aka buɗe shi a 1912. Atbara ta zama hedikwatar hukumar jiragen ƙasa, da manyan wuraren gyara da dubban ma'aikata. Gabas kuwa, daga Kasala har Gadarif, ta ci gaba da jiran raƙumi har bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Gina layin gabas

Auduga ce ta jawo dogo zuwa Kasala. Kogin Gash, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Iritiriya, yana malala a arewacin garin kowace damina, ya bar ƙasa mai dausayi da ta dace da auduga. Domin fitar da ita aka shimfiɗa layi daga Hayya, ya iso Kasala a 1924. Shekara ɗaya bayan haka, a 1925, aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. Daga nan hujjar ƙarasa layin ta fito fili. Zai buɗe rumbun hatsin Gadarif ga sauran ƙasar, zai fitar da riɗi da ƙaro zuwa teku, kuma zai bai wa Jazira hanya ta biyu zuwa Bur Sudan wadda ba ta bi ta Hartum da Atbara ba. Jirgi ya iso Gadarif a 1928, a 1929 kuma aka haɗe da Sinnar, inda layin ya tsallake Shuɗin Nilu a kan bangon madatsar ruwan.

Tashoshin da aka kafa sun bi wuraren ruwa, domin injin tururi ba ya tafiya sai da ruwa da wuta. Daga ɓangaren Kasala akwai Khashm al-Girba da Shuwak a kusa da kogin Atbara. Daga ɓangaren Sinnar akwai Kala'an Nahal, da Hawata a bakin Rahad, da Dindir, da Suki. Dazuzzukan bagaruwa na bakin Shuɗin Nilu su suka riƙa ba da katakan da ake jerawa a ƙarƙashin ƙarafan dogo, Suki kuma ta yi suna da injin tsaga katako.

Yadda aka gina layin shi ya tsara makomarsa. Kamar yawancin layukan Sudan, an yi shi ne da arha: hanya guda ɗaya, ƙarfe mara nauyi, katako kwance a kan ƙasa ba tare da shimfiɗar tsakuwa ba. A hamada irin wannan gini yana jurewa. A kan baƙar laka kuwa labarin dabam ne, domin tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe, layin ya riƙa lanƙwashewa yana zama tudu da kwari. Koramu da ke tasowa bayan ruwan sama kan kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Layin ya rayu ne saboda ma'aikatan gyara da aka zaunar a tsakanin tashoshi, waɗanda ke bin sa kullum suna ɗaure ƙusa, suna sauya katako, suna cike inda ruwa ya ci. An tsara shi domin jirgin kaya mai tafiya a hankali, fasinja kuwa ya samu shiga ne a albarkacin kaya.

Hausawa da layin Gadarif

Mutanen Afirka ta Yamma sun riga dogo zuwa wannan yanki. Tun ƙarni na 18 mahajjata, waɗanda ake kira Takarir, suka kafa zama a Gallabat. Babbar hijira ta zo bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar a wajajen 1906, a garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Bayansu Hausawa da Fulani da Barebari suka yi ta zuwa, wasu da niyyar hijira, mafi yawa da niyyar Hajji.

Jirgin ƙasa ya sauya fasalin wannan tafiya. Daga 1912 mahajjacin da ya ratso Barno da Wadai da Darfur ya iso Al-Ubayyid yana iya shiga jirgi zuwa bakin teku, ya tsallaka Jidda daga Sawakin, in dai yana da kuɗin jirgi. Mafi yawansu ba su da shi, don haka sukan tsaya su yi ƙwadago a aikin madatsar Sinnar ko a gonakin Jazira har su tara guzuri. Da aka buɗe layin Sinnar zuwa Gadarif, sai ga wata hanya da wata ƙasar noma. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda ke neman ma'aikata da manoma a wuraren da ba su da yawan jama'a, ta ƙarfafa zaman mutanen yamma a bakin Rahad da Dindir da Atbara da Setit. Ƙauyukan Hausawa suka yawaita a waɗannan wurare, unguwanninsu suka kafu a Gadarif da Hawata da Kasala. Sun riƙe noman damina da na bakin kogi, da su, da ƙananan sana'o'in kasuwa, kuma ta hannunsu agashe ya zama sanannen nama a duk faɗin Sudan. Da yawa sun yi niyyar shekara ɗaya ko biyu, zama ya miƙe, jikokinsu suka tashi 'yan Sudan. Ga waɗannan ƙauyuka tashar jirgi ita ce ƙofar kasuwa, ita ce kuma hanyar zumunci tsakanin Mai Wurno da Gadarif da Kasala.

Yaƙi, tarakta da zamanin bunƙasa

A Yulin 1940 sojojin Italiya da ke Iritiriya da Habasha suka kama Kasala da Gallabat, layin ya yanke a tsakiya. Haɗin da aka yi da Sinnar shi ya bar Gadarif a buɗe ta yamma, garin ya zama sansanin da sojojin Birtaniya da na Indiya da na Sudan ke taruwa. Ta nan aka kai harin Gallabat a Nuwamban 1940 a ƙarƙashin William Slim. A Janairun 1941 Italiyawa suka janye daga Kasala, hanya ta sake buɗewa.

Yaƙin ya bar wa Gadarif abin da ya sauya ta baki ɗaya. Bukatar ciyar da sojoji ta sa a tsakiyar shekarun 1940 gwamnati ta fara noma da tarakta a Gadambaliya, kusa da garin. A shekarun 1950 aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, ana ba su manyan filaye na fadan 1,000, kowane fadan ya ɗan ɗara eka ɗaya. A 1968 aka kafa hukumar noman injina da rancen Bankin Duniya. Gadarif ta zama babbar kasuwar dawa da riɗi ta Sudan, kuma a shekarun 1960 aka gina mata katafaren rumbun hatsi da taimakon Tarayyar Sobiyet, mai cin tan 100,000, wanda aka haɗa da layin dogo.

Tarakta tana huɗa da shuka ne kawai. Cire ciyawa da girbi da hannu ake yi, riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanke shi ba sai ya fashe ya zube. Don haka kowace kaka dubban 'yan ci-rani ke kwararowa daga Kurdufan da Darfur da kudancin Sudan da Habasha da Iritiriya. A wancan zamani taragun fasinja hawa-hawa ne, daga na kwana da mataki na ɗaya har zuwa na huɗu, kuma a na huɗun, wani lokaci har a kan rufi, waɗannan ma'aikata ke tafiya. Jirgin ne kuma ke kawo wasiƙu da sukari da gishiri da man fetur, ya kai ɗalibai makarantun kwana, ya kai marasa lafiya manyan asibitoci.

Bayan samun 'yanci a 1956 hanyar dogo ta ci gaba da faɗaɗa, ta kai Niyala a 1959, ta kai Wau a 1962. A 1964 layin gabas ya ɗauki wani babban nauyi. Madatsar Aswan ta Masar za ta nutsar da Wadi Halfa, sai aka kwashe kimanin mutum 50,000 na Nubiyawa a jiragen ƙasa, ta Atbara da Hayya da Kasala, zuwa sabon mazauninsu a yankin Khashm al-Girba. A farkon shekarun 1970 jiragen ƙasa na Sudan suna dakon kusan tan miliyan 3 a shekara, su ne kuma ke ɗauke da mafi yawan kayan da ke shiga da fita ƙasar.

Durƙushewa

Abubuwa da dama ne suka taru suka kayar da layin. Na farko hanyar kwalta. A 1977 kamfanonin ƙasar Sin suka kammala titin Wad Madani zuwa Gadarif, a 1980 kuma aka ƙarasa babbar hanyar Hartum zuwa Bur Sudan, mai tsawon kusan kilomita 1,200, wadda ta bi ta Gadarif da Kasala da Hayya. Daga Gadarif zuwa teku titin ya bi kusan sawun dogo. Zuwa Hartum kuwa titin ya fi dogo gajarta, domin jirgi sai ya zagaya ta Sinnar, tafiyar kimanin kilomita 500. Mai riɗi da ke jiran tarago na makonni ya ga tirela za ta yi lodi yau ta sauke gobe ko jibi, fasinja ya ga bas zai kai shi Hartum a yini ɗaya. A 1977 ɗin ne kuma aka buɗe bututun mai daga Bur Sudan zuwa Hartum, jirgi ya rasa wani kaso mai tsoka na kayan da yake samun kuɗi da su.

Na biyu rashin kuɗin gyara. Tattalin arzikin Sudan ya shiga matsi daga ƙarshen shekarun 1970, kuɗin waje ya yi ƙaranci, injinan dizal da suka maye gurbin na tururi suka riƙa tsayawa saboda rashin kayan gyara. Abin da ya rage na kuɗi ana kashe shi a babban layin Hartum zuwa Bur Sudan, rassan su samu saura. Katako ya ruɓe ba a sauya ba, aka yi ta rage gudun jirgi don kauce wa kaucewa daga layi, raguwar gudu ta kori masu kaya, tafiyarsu ta ƙara rage kuɗin shiga.

Na uku siyasa. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda ta samo asali a Atbara a 1946, ita ce uwar ƙungiyoyin ƙwadago a Sudan, gwamnatocin soja kuma suna ɗaukarta a matsayin barazana. Bayan yajin aikin 1981 Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe ta. Gwamnatin da ta hau mulki a 1989 ta sallami dubban ma'aikata, cikinsu har da ƙwararrun da suka san kowace gada da kowace korama a kan layi. A 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, samun kayan gyaran injinan da aka saya daga can ya yi wuya, ba a ɗage shi ba sai a 2017. Layin da rayuwarsa ta dogara ga gyaran yau da kullum ba zai jure irin wannan sakaci ba. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 zirga-zirga ta yi ta raguwa har ta tsaya a mafi yawan sassansa. Ƙananan garuruwan da suka tashi a gindin tasha, musamman waɗanda ke nesa da kwalta, su suka fi jin jiki.

Sabbin jirage a kan tsohon layi

Yunƙurin dawo da jirgin fasinja ya fara ne daga babban layin arewa, inda aka sauya ƙarafa da katako a wurare da dama, aka fara amfani da shimfiɗar kankare. A Janairun 2014 aka ƙaddamar da Jirgin Nilu tsakanin Hartum da Atbara. Ƙirar ƙasar Sin ne, injinsa a jikin taragunsa yake, yana da na'urar sanyaya iska, yana ɗaukar fasinja kimanin 280. Jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu saboda arha da kwanciyar hankali. Sai dai a lokacin tafiyar kimanin kilomita 300 tana cin fiye da awa 6, wato a matsakaici bai kai kilomita 50 a awa ba, bas kuma ya fi shi sauri. Daga baya aka ƙara irinsa tsakanin Hartum da Wad Madani, a 2022 kuma sababbin injina 21 suka iso Bur Sudan daga Sin. Abin da waɗannan jirage suka tabbatar shi ne akwai masu son shiga, kuma layi ne ke yanke gudun jirgi komai sabuntarsa.

Najeriya ta ga irin wannan. An gyara tsohon layin Legas zuwa Kano aka sake buɗe shi a Disamban 2012, amma a lokacin tafiyar kilomita 1,100 da ɗoriya tana cin awa 30 ko fiye. Ƙasar ta kuma karkata ga gina sabon layi mai faɗin milimita 1,435, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wannan ya sa wasu ke ganin siririn layi ba ya sauri. Wasu ƙasashe sun nuna akasin haka. A Japan jiragen fasinja suna gudun kilomita 130 a awa a kan layi mai faɗi irin na Sudan. A jihar Kwinsland ta Ostareliya, bayan an ƙarfafa tsohon layi an miƙe kwanoninsa, jirgi yana gudun kilomita 160 a awa tun 1998. Ingancin shimfiɗa da kula da ita su ne suka bambanta waɗannan layuka da na Sudan.

An kuma yi maganar sabon layi mai faɗi a yankin. A 2020 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.2 domin nazarin layin da zai haɗa Adis Ababa da Sudan har zuwa Bur Sudan, mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Irin wannan aiki yana cin biliyoyin daloli da shekaru masu yawa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 ya dakatar da duk waɗannan tsare-tsare. Da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, sannan faɗa ya kai Sinja da Dindir da Suki a 2024, ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijira suka kwararo jihar Gadarif. Abinci da magani da mai da amfanin gona duk suka dogara ga titi ɗaya tilo da ya bi ta Kasala zuwa teku, alhali tsohon layin dogo yana kwance a gefensa babu jirgi.

Abin da layin ke bukata

Gyaran layi irin na Gadarif daga ƙasa yake farawa. Sai an ɗaga tudun da layin ke kai, an kawar da laka ko an danne ta da ƙasa mai ƙarfi, an gina kwalbatoci da magudanan ruwa masu isa ga ruwan damina, an duba manyan gadoji na Atbara da Rahad da Dindir. Bayan haka a zuba tsakuwa, a jera shimfiɗar kankare wadda gara ba ta ci, a ɗora ƙarfe mai nauyi a haɗe shi da walda domin rage gaɓoɓi. Tunda hanyar guda ɗaya ce, tilas a samu wuraren kaucewa masu tsawo da sigina ta zamani, don kada jirgin fasinja ya riƙa tsayawa yana jiran na kaya. Yankin kuma na makiyaya ne, garken raƙuma da shanu da tumaki suna ratsa layin sau biyu a shekara tsakanin Butana da kudu, saboda haka duk inda burtali ya gitta dogo yana bukatar mashiga ta musamman. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ba tsaunuka ba kwanoni masu tsanani a mafi yawansa, filin da layin ya bi kuma na hukuma ne tun asali. Waɗannan biyu suna rage kuɗin aiki ƙwarai idan aka kwatanta da sabon gini.

Lissafin amfanin a bayyane yake. Kilomita 237 na Gadarif zuwa Sinnar suna cin kusan awa 6 idan jirgi na tafiyar kilomita 40 a awa. Idan matsakaicin gudunsa ya kai 90, tafiyar ba za ta kai awa 3 ba. Haka Gadarif zuwa Kasala za ta koma kimanin awa 2 da rabi. A tafiyar Hartum bas zai ci gaba da rinjaye saboda gajartar titi. Ƙarfin jirgi yana tsakanin garuruwan yankin, wato Kasala da Shuwak da Gadarif da Hawata da Dindir da Suki da Sinnar, inda ƙauyuka da yawa ke yankewa daga kasuwa da asibiti duk lokacin damina, inda kuma 'yan ci-rani ke kai da kawowa kowace kaka.

Kuɗin tikitin fasinja shi kaɗai ba ya riƙe layin dogo a irin wannan yanki. Abin da zai biya kuɗin gyara shi ne abin da ya jawo layin tun farko: dawa da riɗi da ƙaro da dabbobi zuwa Bur Sudan, taki da mai da siminti zuwa Gadarif, da kuma cinikin iyakar Habasha ta Gallabat. Idan kaya suka koma kan dogo, titi zai huta da nauyin tireloli, manomi zai rage kuɗin dako, jirgin fasinja kuma zai samu layin da zai yi gudu a kai. Tarihin layin daga 1929 zuwa yau ya nuna jerin da aikin zai bi: zaman lafiya, sannan gyaran shimfiɗa, sannan horar da ma'aikatan gyara da ware musu kuɗi a kowace shekara, sayen sababbin jirage kuma shi ne na ƙarshe.